Fiffiken Jirgi Da Bashin Da Wata Ɗaliba Ke Bi Na

Shekara 19 na yi ina zana hoto guda a kan allo. Duk zangon karatun da muka iso babin matsin iska, sai in ɗauki alli in zana wani abu mai kama da kifin da aka kwantar: goshinsa a dunƙule, bayansa da doro, cikinsa a miƙe, jelarsa siririya. In ce wa yara wannan shi ne fiffiken jirgin sama idan an datsa shi aka dube shi ta gefe. Daga nan sai in zuba musu bayanin da ni ma haka aka zuba mini. Wai idan iska ta iso goshin fiffike sai ta rabu biyu, kaso ɗaya ya bi ta sama, ɗaya ta ƙasa. Hanyar sama ta fi tsawo saboda doro, kuma tunda dole ne su biyun su haɗu a jela a lokaci guda, tilas ta sama ta ƙara gudu. Iskar da ta fi gudu matsinta ya fi rauni, saboda haka sai ta ƙasa ta rinjaye ta, ta tura fiffike sama. Bayani ne mai daɗin faɗa, mai sauƙin hadda. Yara su rubuta, in tambaye su a jarrabawa, su maido mini da shi yadda na ba su, in ba su maki, kowa ya tafi gida da farin ciki.

Wata ranar Talata, ina cikin kakkaɓe alli daga hannuna, sai wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu. Ba ta cikin masu yawan magana, har ma na ɗan yi mamaki. Ta miƙe ta ce, "Malam, don Allah ina da tambaya. Na ga jirgin soja a talabijin ya kife, cikinsa na kallon sama, amma ya ci gaba da tafiyarsa. Idan doro ne ke ɗaga shi, ai da ya kife doron ya koma ƙasa. Me ya hana shi faɗowa?" Kafin in buɗe baki sai ta ƙara da cewa, "Kuma Malam, wa ya gaya wa iskar cewa dole sai sun haɗu a baya?"

Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa ban san amsa ba, kuma maimakon in ce ban sani ba, sai na ce mata, "Zauna, haka yake a littafi. Idan kin rubuta naki littafin sai ki gyara." Aka sake yin dariya, wannan karon da izinina. Ta zauna, ta sunkuyar da kai. Har ta bar makarantar ban sake ganin hannunta a sama ba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Lokacin bazara ne, an dawo da wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina kwance rigingine ina kallon fankar ɗakina tana juyawa. Can sai na tashi na kashe ta, na taka kujera na shafa reshenta. Fallen ƙarfe ne kawai, an ɗan lanƙwasa shi, an ɗan karkata shi. Tsawon samansa da na ƙasansa ɗaya ne, babu hanyar da ta fi wata nisa. Amma ga shi yana kwararo mini iska har takardun da ke kan tebur suna tashi. Na tuna jirgin takarda da muke naɗewa muna yara, wanda fiffikensa a shafe yake kamar faifai, kuma yana tashi. Na sauko daga kujerar nan jikina a sanyaye. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ashe na daɗe a ɗaure ban sani ba.

Abin kunyar shi ne a Zariya nake zaune, garin da tun 1964 ake koyar da tuƙin jirgin sama, inda ƙananan jiragen horaswa ke shawagi a kanmu kusan kullum. Masu sani suna kewaye da ni, girman kai ne ya hana ni tambaya. Sai da na yi makonni kafin na tari wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya, wanda ya ƙare aikinsa yana gyaran jirage. Na zayyana masa bayanina. Ya saurara har na gama, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, kafin mu je ga fiffike, ajin da kake koyarwa, iskar da ke cikinsa nauyinta nawa?" Na ce ai iska ba ta da wani nauyin kirki. Ya ce in lissafa. Kowace mita guda ta tsawo da faɗi da tsayi tana ɗauke da iska mai nauyin kimanin kilo 1.2. Ajina mita 8 ne a tsawo, 7 a faɗi, 3 a tsayi. Da na buga sai ga kilo 200, wato buhun masara biyu, suna yawo a kan yarana ban taɓa lura ba. Ya ce, "To, jirgi a cikin wannan abu mai nauyi yake iyo. Aikin fiffike ɗaya ne: ya tarbi iskar da ke tahowa a miƙe, ya sallame ta tana gangarawa ƙasa. Duk abin da ka tura ƙasa kuwa, shi ma zai tura ka sama."

Wannan ƙa'ida ce da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, kuma ni da kaina nake koyar da ita a wani babin, ban taɓa haɗa ta da fiffike ba. Ashe duk wanda ya taɓa ɗauko fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san ta a jikinsa. Idan fallen yana kwance daidai, iska ta wuce salin alin. Da zarar goshinsa ya ɗan ɗaga, sai ka ji kamar wani ƙato na neman fizge shi sama. Ba a banza aka ce iska na wahalar da mai kayan kara ba. Nan take rabin tambayar yarinyar nan ya warware: jirgin da ya kife, matuƙinsa yakan karkata shi ne yadda fiffiken, duk da yana kife, zai ci gaba da tarbar iska da goshi a ɗage yana tura ta ƙasa. Jiragen da aka ƙera musamman domin irin wannan wasa ma, saman fiffikensu da ƙasansa siffa ɗaya ce, babu doron da ya fi wani.

To, idan karkata kaɗai ta isa, mene ne amfanin doro? A nan ne na fi daɗewa ina fama, domin a nan ne siffar fiffike take nuna gwanintarta, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni.

Mutum zai ɗauka cewa cikin fiffike ne ke yin aikin, wato iska ta daki cikinsa ta koma ƙasa kamar ƙwallon da ya bugi bango. Alhali kuwa mafi yawan ƙarfin ɗagawa daga gadon bayan fiffike yake fitowa. Iskar da ta hau kan doro ba ta wucewa a miƙe, domin da ta yi haka da ta bar gurbi a bayan doron, sai iskar da ke sama da ita ta danno ta, ta tilasta mata bin lanƙwasar. Yanzu ka tuna yaron da ke korar tsuntsaye a gonar dawa da majajjawa. Dutsen da ke cikinta yana zagaye ne kawai domin igiya na jan sa zuwa hannun yaron. A saki igiya, dutse ya tafi a miƙe. Haka duk abin da ke tafiya a lanƙwashe yake, sai da wani ƙarfi da ke tura shi zuwa cikin kwanar. Iska ba ta da igiya. Abin da ke zame mata igiya shi ne bambancin matsi: a wajen kwana matsin ya fi ƙarfi, a cikin kwana ya fi rauni. Can nesa a saman fiffike matsin iska na nan yadda yake ko'ina. Tunda gadon bayan fiffike shi ne cikin kwanar, dole matsin da ke manne da shi ya gaza na ko'ina. A ƙarƙashin fiffike kuma abin ya juya: nan ma iska ƙasa take lanƙwasawa, amma fiffiken yana wajen kwanar, saboda haka matsin da ke cikinsa ya ɗara na ko'ina. Rauni a sama, ƙarfi a ƙasa, sai fiffike ya ɗaga.

Gudun iska fa? Gaskiya ne ta sama ta fi gudu, kuma Daniel Bernoulli, wanda ya wallafa littafinsa a 1738, bai yi kuskure ba da ya danganta gudu da matsi. Iskar da ta fito daga wuri mai matsi ta nufi wuri mai ƙarancinsa, ana ingiza ta ne daga baya, dole ta ƙara sauri, kamar ruwan da ya samu gangara. Kuskuren namu ne, mu da muka ƙirƙira wa iska alkawarin haɗuwa a jela. A 2012 wani farfesa na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, Holger Babinsky, ya fitar da wani gajeren bidiyo. Ya sa fiffike a cikin akwatin gwajin iska, ya riƙa sakin hayaƙi daki-daki domin a ga tafiyarta, sannan ya rage saurin hoton. Hayaƙin da ya bi ta sama ya isa jela ya wuce, alhali ɗan'uwansa na ƙasa yana can baya yana jan jiki. Ba su haɗu ba, ba kuma za su taɓa haɗuwa ba. Na kalli bidiyon nan a wayar ɗana ya fi sau goma. Gani ya kori ji.

Har gwajin da nake alfahari da shi a aji bai tsira ba. Nakan riƙe takarda a ƙarƙashin leɓena, ta lanƙwasa ta rataya, in hura iska a samanta, ta ɗaga, in ce wa yara ga hujja, iska mai gudu matsinta kaɗan ne. Ashe lanƙwasar takardar ce ke yin aikin. Ka rataye takarda a miƙe tsaye, ka hura iska a gefe guda daidai da tsawonta, za ka ga ba ta biyo ka ba. Shekara 19 ina hura takarda.

Da na fahimci wannan, sai kowane ɓangare na kifin da nake zanawa ya samu ma'ana. An dunƙule goshi ne domin iska ta samu hawa cikin sauƙi ko da fiffike ya ɗaga kai ko ya sunkuyar. An siranta jela kamar bakin wuƙa ne domin iska ba ta iya zagayo kaifi irin wannan ta koma sama. Dole ta rabu da fiffike a daidai nan, ta bi inda jelar ta nuna, wato ƙasa. Kaurin tsakiya kuwa, ban da gyara tafiyar iska, a nan ake ɓoye ƙashin bayan da ke riƙe fiffiken, a nan kuma manyan jirage ke zuba mansu.

Akwai kuma wani abu da fankar ɗakina ta daɗe tana nuna mini. Duk matar gida ta san cewa bayan hunturu sai an hau an goge reshen fanka, domin ƙura takan kwanta a kansa. Yaya abin da ke juyawa da gudu haka zai tara ƙura, ba za ta kakkaɓe ba? Dalili shi ne iskar da ke manne da jikin ƙarfen ba ta gudu a kansa, tare suke tafiya. Daga wannan shimfiɗa mai kwanciya zuwa iskar da ke gudu sosai akwai wata siririyar fata, inda iska ke gogayya da 'yar'uwarta tana rasa ƙarfi. Wani Bajamushe mai suna Ludwig Prandtl ne ya bayyana ta a 1904. Siririya ce ƙwarai, amma rayukan duk waɗanda ke cikin jirgi a kanta suke rataye. Bayan iska ta wuce ƙololuwar doro, sauran tafiyarta zuwa jela hawa ne, domin tana fita daga wuri mai ƙarancin matsi tana komawa mai yawa. Iskar da ke cikin fatar nan ta riga ta gaji. Muddin karkatar fiffike kaɗan ce, takan daure ta kai. Kowane ƙarin karkata yana ƙara ɗagawa, yana kuma ƙara tsayin hawan. Idan aka kai wajen digiri 15, sai ta kasa, ta saki gadon bayan fiffike, ta hargitse ta zama guguwa. Nan take ɗagawa ta zube, ko da injin na ruri da duk ƙarfinsa.

Wannan kuɓucewar iska ta ci rayuka tun farkon lamarin. Otto Lilienthal, Bajamushen da ya yi shekaru yana nazarin wani farin tsuntsu dangin shamuwa, har ya wallafa littafi a 1889 yana nuna fifikon lanƙwasasshen fiffike a kan shafaffe, ya yi tashi wajen 2,000 da fikafikan da ya ƙera ba tare da inji ba. Ranar 9 ga Agustan 1896 goshin fiffikensa ya ɗaga fiye da kima, ya faɗo daga tsayin kimanin mita 15, washegari ya rasu. Fiye da ƙarni guda bayan haka, ranar 1 ga Yunin 2009, wani jirgin Air France da ya taso daga Riyo a Barazil zuwa Faris ya shiga irin wannan hali a kan Tekun Atalantika bayan na'urorin auna gudunsa sun toshe da ƙanƙara. Ya yi fiye da minti uku yana zubowa, hancinsa a ɗage, injinansa na aiki, mutum 228 suka halaka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin wannan hali ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Kana faɗowa, hankalinka na ce maka ka ƙara ɗaga hanci. Alhali ceto yana cikin sunkuyar da shi, domin iska ta sake kwanciya a kan doro. Yaron da aka koya wa cewa tsawon hanya ne ke ɗaga jirgi ba shi da ta inda zai fahimci haka, domin a bayanin da na ba shi, karkata ba ta da gurbi ko kaɗan. Wannan ne ya sa na daina ce wa kaina ai kuskure ne ƙarami.

Siffar fiffike ba ta tsaya ga yankansa ba, akwai kuma tsawonsa da faɗinsa, kuma a nan tsuntsayenmu sun ishe mu makaranta. A bakin fiffike, can ƙarshe, iskar ƙasa mai matsi takan zagayo ta haye sama, ta bar wata murɗaɗɗiyar iska tana bin jirgi a baya, wadda asara ce tsantsa. Dogon fiffike siriri yana rage wannan asara, shi ya sa tsattsewa mai fiffike kamar lauje take yini a sama. Fakara kuwa nata gajere ne a zagaye: ta tashi fir da ƙarfi daga cikin ciyawa, ta yi 'yar tafiya, ta faɗa. Ungulu da mikiya suna da faffaɗan fiffike mai gashi a rarrabe a baki kamar yatsun hannu, da shi suke hawan iskar zafi mai tasowa daga ƙasa da hantsi, su yi ta zagaye ba tare da sun kaɗa ba. An ce ungulu ba ta jewar banza, ni kuwa na ƙara da cewa ba ta kaɗa fiffiken banza. Muna yara ba a rasa su a kan mayanka. Yau sai in yi shekara ban ga ko ɗaya ba, har ya zama idan na kawo misalinta a aji sai na haɗa da hoto. Wancan ɗan lanƙwashe da ake gani a tsaye a bakin fikafikan jiragen zamani, wanda Richard Whitcomb na hukumar NASA ta Amurka ya inganta a shekarun 1970, yaƙi ɗaya yake yi da yatsun ungulu.

Wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgin alhazai ya ga fiffike yana sauya siffa da idonsa. Dab da sauka sai a ji ƙugi, bayan fiffike ya zazzago ya lanƙwasa ƙasa, goshinsa ma ya ɗan zamo gaba. Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa da ta damƙe hannun kujera tana salati, tana cewa, "Ɗan nan, fiffiken ya ɓalle!" Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, Iya, buɗe shi aka yi kamar yadda tantabara ke yi idan za ta sauka." Ƙarfin ɗagawa yana bin gudu ne ninki a kan ninki: a ninka gudu sau biyu, ɗagawa ta ninku sau huɗu, a rage shi rabi, ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgin da zai sauka dole ya rage gudu, saboda haka sai a ƙara masa faɗi da doro domin cike giɓin. Zafi ma na da nasa hukunci. Iskar bazara ta Kano, ranar da awon zafi ya kai digiri 40, ta fi ta sanyin asuba sauƙi, don haka jirgi mai kaya yakan buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga.

Akwai wani lissafi da nake son yi wa yara, domin yana cire musu tsoro. Babban jirgin Boeing 747 irin wanda ya sha jigilar alhazanmu yakan kai kusan tan 400 idan ya cika, faɗin fikafikansa kuwa ya ɗan haura murabba'in mita 500. Ke nan kowace murabba'in mita tana ɗauke da abin da bai kai kilo 800 ba. Iskar da muke zaune a cikinta kuwa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kimanin tan 10, ta sama da ta ƙasa, ba ma ji domin ta daidaita. Abin da fiffike ke buƙata kawai shi ne ya ɓata wannan daidaito da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Tun daga jiragen sojan Ingila guda uku masu fikafikai hawa biyu na katako da yadi, da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamban 1925, har zuwa wannan ƙaton, dabarar ba ta sauya ba.

Wani abu da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne gano cewa hannu ya riga lissafi isa wurin. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, masu sana'ar kekuna a Amurka, akwatin katako suka haɗa a 1901, suka sa masa fanka, suka gwada ƙananan fikafikai wajen 200 ɗaya bayan ɗaya suna rubuta sakamako. Ranar 17 ga Disamban 1903 suka tashi na daƙiƙa 12, shekara guda kafin Prandtl ya yi bayaninsa. Fiffikensu kuwa siriri ne lanƙwasasshe, samansa da ƙasansa kusan tsawo ɗaya, kamar reshen fankata.

Wannan ya tuna mini da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda kafinta ne mai rufin kwano. Bai taɓa jin sunan Bernoulli ba. Amma duk gidan da zai rufa, sai ya sa an binne waya a cikin gini ya ɗaure katakon da ita, ya ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, ya kuma matsa wa mai gida ya ɗora rawani a kan bango. Idan mai gida ya yi ƙorafin kuɗi, sai ya ce masa, "Alhaji, iskar farkon damina ba danne rufi take yi ba, tsotse shi take yi." Ina yaro ina jin wannan magana ina ɗaukarta zancen masu sana'a. Sai da na haura shekara hamsin na gane cewa rufin kwano fiffike ne da ba a so ya tashi. Iska ta taho ta daki bango, ta lanƙwasa ta haye baki, matsin da ke saman kwano ya faɗi, na cikin ɗaki yana nan yadda yake, ko ma ya ƙaru idan ƙofar da ke fuskantar iskar a buɗe take. Sai ka ga rufi ya ɗaga ɗungurungum ya sauka a gidan maƙwabta. Duk shekara muna karanta labarin makarantu da gidajen da iska ta yaye a wannan jarida, muna cewa tsautsayi. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan rufi a unguwanninmu, amsa ce ga tambayar da ke cikin babin da nake koyarwa, ni kuwa ban taɓa fita da yara waje na nuna musu ba.

Gyaran bai zo mini da sauƙi ba. Littafin da makaranta ta saya yana ɗauke da tsohon bayani, abokan aikina biyu suka ce kada in rikita yara ana dab da jarrabawar fita, kuma maganarsu ba ta rasa hujja ba, domin yaron da ya faɗi jarrabawa saboda gaskiyar malaminsa, shi zai zauna a gida ba malamin ba. Abin da na yanke shi ne in ce wa yara su rubuta cewa iskar sama ta fi gudu kuma matsinta ya fi rauni, domin wannan gaskiya ne, babu mai gyaran takardar da zai soke shi. Su ƙara da cewa fiffike na karkatar da iska ƙasa. Jimla ɗaya kawai za su jefar, ta alkawarin haɗuwa a jela. Ranar da na fara koyar da haka, na zana tsohon kifina, na rubuta tsohon bayani a ƙarƙashinsa, na ja masa layi, na ce musu ni na koyar da wannan shekara 19 kuma kuskure ne. Ajin ya yi tsit. Na ɗauka girmana zai zube. Abin da ya faru shi ne hannaye shida suka tashi a lokaci guda, har aka kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba.

Sai dai duk wannan ya zo ne bayan ita mai tambayar ta gama ta tafi. Na nemi labarinta wajen ƙawayenta, wasu suka ce ta yi aure a wani gari, wasu suka ce ta ci gaba da karatu, ban samu tabbaci ba. Waɗanda suka ratsa ajina a shekarun nan sun haura dubu biyu, cikinsu akwai waɗanda yanzu su ma malamai ne, kuma ina fargabar suna can suna zana kifina suna hura takarda. Su nake roƙo su hau kujera su shafa reshen fanka.

Ke kuwa 'yata, da ke zama a layin baya kusa da taga, idan wannan shafi ya faɗo hannunki ko wani ya karanta miki: jirgin da kika gani bai faɗo ba ne domin ko a kife yana tura iska ƙasa. Tambayarki ta biyu kuma, babu wanda ya gaya wa iskar dole sai sun haɗu. Ni ne na faɗa, kuma ban san dalili ba. Ki yafe mini dariyar da na sa aka yi miki.